Tsohon Harsashi da Haƙƙin Barewa

A shekarun da na yi karatu a jihar Mishigan ta Amurka, ranar 15 ga Nuwamba ranar biki ce a ƙauyukan arewacin jihar, domin ita ce ranar buɗe farautar barewa da bindiga. Tun da asuba motoci ke jeruwa a bakin daji, maza sanye da riguna ruwan lemo don kada a ɗauke su dabba. Dattijon da nake haya a gidansa ne ya fara shiga da ni wannan daji, kuma har yau ina kewarsa.

Bindigarsa Winchester ce samfurin 1894, wadda John Browning ya tsara. Ya gaje ta daga mahaifinsa, gindinta ya yi sumul saboda riƙo. Tana cin harsashin .30-30 da ya fito a 1895, ɗaya daga cikin harsasan farauta na farko a Amurka masu albarushi marar hayaƙi. Kan harsashin a dakushe yake, saboda a bututu ake jera su ƙarƙashin bindigar, kan wannan na taɓa gindin wancan, kuma mai tsini na iya tayar da na gabansa. Dakushewar nan ce ke sa iska ta cinye masa gudu da wuri. In ya wuce mita 150 zuwa 200, ya fara faɗuwa, ƙarfinsa ya ragu.

Samarin lokacin sun raja'a ga manyan harsasai irin .300 Winchester Magnum na 1963. Suna cewa tsohon harsashi raunata dabba kawai yake yi, ta je ta mutu a wahale. Damuwarsu gaskiya ce, domin babu abin da ya kai barin barewa da rauni muni a farauta. Sai dai na ga yadda babbar bindiga ke dukan kafaɗa, har mai ita ya riƙa zabura kafin ya ja kunama, saitinsa ya kauce. Harsashin da ya sauka a tumbi, komai ƙarfinsa, azaba ce.

Dattijon kuwa yakan zauna shiru a gindin itace, sanyi na ratsa mu, sai barewa ta matso kusa ta ba shi gefe. Bayan kafaɗa yake nufa, inda huhu da zuciya suke. A wannan tazara harsashin kan buɗe ya ratsa huhun biyu, dabbar ba ta yin nisa take faɗuwa. In ta tsaya can nesa, ko reshe ya gitta, sai ya sauke bindigar mu koma gida hannu rabbana, ransa fes.

Haƙurinsa ya tuna mini da mafarautanmu na gida masu ɗaura kan burtu, su yi ta sanɗa da bindigar toka har su kusanci dabba. Sun san iyakar makaminsu, sun kuma tsaya a kanta. Addininmu ma ya hore mu da kyautata wa dabba ko a wajen yanka.

Don haka na gamsu cewa tsohon harsashi ya wadatar, matuƙar yana hannun wanda ya san tazararsa, ya iya saiti, kuma yake iya haƙura da harbin da bai tabbata ba. Wanda ya rasa waɗannan, babu bindigar da za ta sa ya zama mai tausayi.