Inuwar Kura a Ajin Zane na Osaka

Tun zuwana Japan karatun zane, babu abin da ya tsaya mini a rai kamar yadda ake sa wa hoto inuwa da maɓalli guda. Manhajar Clip Studio Paint, ta kamfanin Celsys na nan ƙasar, ita ta zo da wannan dabara a 2023. Ka gama jan layi, ka zuba launi, sai ka ja wata 'yar ƙwallo zuwa inda kake so rana ta tsaya, shi ke nan inuwa ta sauka. Wata 'yar ajinmu ta yi wa kyarkeci mai sanye da kwat haka, kafin ƙiftawa da bismilla. Wallahi raina ya sosu, don na tuna yaranmu na Kano da ke kwana a kan hoto ɗaya da biro, ko suna murza gawayi da ɗan yatsa.

Sai dai ina sha'awar mutanen nan. Haikalin Kozanji da ke Kiyoto ya mallaki naɗaɗɗun takardu tun ƙarni na 12 da na 13, an zana kwaɗi da zomaye suna kokawa kamar mutane. Mu kuwa ga Gizo da Ƙoƙi da Kura, amma mun bar su a bakin kakanni.

Kurar na ɗauka na gwada maɓallin a kanta, sai fuskar ta fito a shafe. Na'urar layi take bi, ba ta san bakin kura turowa yake yi gaba ba. To a nan aikin yake. Ka ɗauki kan dabbar a matsayin ƙwallo da aka liƙa wa ɗan akwati, ka sa inuwa mai kauri a ƙarƙashin muƙamuƙi, ta zubo bisa wuya da wuyan riga. Kada ka bi gashi sili-sili. Bakin inuwar kawai za ka yayyanka tsini-tsini a kumatu, da ƙeya, da gwiwar hannu, da jela, ido zai cike sauran. Kunnen zomo siriri ne, in rana na bayansa ja-ja yake yi, don haka kada ka dusashe shi. Ƙahon rago kuma ƙyalli yake so, mai kaifin baki.

Baƙi zalla kashe launi yake yi. Buɗe sabon shafi, wato layer, a saman launin, ka ɗaure shi da na ƙasa don kada fenti ya tsallake layi, ka sa shi a Multiply, ka shafa shunayya ko shuɗi mai duhu. Su nan inuwa hawa biyu suke yi, tsaf-tsaf, abin gwanin kyau, na yarda. Amma ranarmu ta tsaka, mai gajeriyar inuwa, da jan hasken da ƙasa ke mayarwa ƙarƙashin haɓa, da yadda hazo ke dusashe komai, ban ga maɓallin ya kawo su ba. Wanda ya sha biro ya riga ya san inda duhu ke taruwa, shi ya sa har yanzu abin ke ci mini rai idan na ga an miƙa wa na'ura wannan aikin.

Wanda ke gida ba sai ya jira babban allo ba. Manhajar ibisPaint X kyauta ce a waya, kuma tana da duk shafukan nan. In ka gama, mayar da hoton ruwan toka ka duba: idan baki bai rabu da wuya ba, ƙara duhu a ƙarƙashin muƙamuƙi.