Ranar da na kai Kawu cin abincin Meziko

Duk wanda ya san ni ya san burgata ba ta wuce ta fatar baki ba. Sau ɗaya tak na gwada burgar aljihu, a watan Janairun 2019, kuma har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, masunci ne kuma manomin rani a Baturiya, can ƙasar Kiri Kasamma, gaba da Haɗeja. Da kuɗin bandar kifi da busasshen barkono ya ɗauki nauyin karatuna tun daga sakandare har na gama jami'a a Kano. Ba kuɗi ne na banza ba. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadama ta sauya hali, ga ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa. A 2008 an sa dausayin Baturiya cikin jerin dausayoyi masu daraja na duniya, tsuntsaye na tasowa tun daga Turai su yi hunturu a can, amma Kawu cewa yake tsuntsaye ne kaɗai suka ci ribar sunan.

To ya zo Kano a duba masa ido. Da muka fito daga asibiti sai na ce yau kam zan nuna masa wahalarsa ba ta faɗi ƙasa banza ba. Akwai wani gidan abinci a wajen Nasarawa da na daɗe ina hange, an rubuta abincin Meziko ɓaro-ɓaro a allonsa. Ni kuwa, mai karatu, abin da na sani game da Meziko bai wuce finafinansu na talabijin ba, zamanin da Paloma da Diego suka hana matan gida ɗora tukunyar dare. Na ɗauka yadda 'yan wasan nan suke ƙyalli, haka ma akushinsu.

Muna shiga Kawu ya riƙe hannuna. "Ɗan nan, idon ne ya ƙara lalacewa ko wuta suka ɗauke?" Na ce a'a Kawu, ado ne. Ya ɗaga kai ya ga manyan huluna an kafe a bango, ya ce, "Ikon Allah! Malafa ce ta samu girma haka?"

Na karɓi takardar abinci ina gyaɗa kai kamar na gane. Na zaɓi tako na kifi saboda Kawu, na zaɓar wa kaina burito, sai wani wai shi nacos mu taɓa kafin a gama. Mun fi awa guda muna jira. Da nacos ɗin ya iso, ashe soyayyen ɓawon masara ne na leda, an kwarara masa wani cuku ruwan ɗorawa da ya riga ya sandare. Burito kuwa ƙullin fulawa ne mai sanyi, cikinsa shinkafa ta caɓe, waken na gwangwani, miyar ja kamar an zuba wa tumatirin leda sukari. Na daure ina turawa, ina faɗin "haka suke cinsa a can."

Kawu bai ce komai ba. Ya buɗe takonsa kamar mai duba ƙulli, ya ɗauki kifin ya shinshina, ya ajiye. Mutumin da tun yana yaro yake ciro tarwaɗa da ƙarfasa daga ruwa, wa zai ruɗe shi? Ya yafito yaron da ke kawo abinci.

"Samari, wannan kifin daga wane kogi?"

"Ranka ya daɗe, daga firji muke ɗaukowa, Baba."

"Na ga alama. Ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa. Babu ɗan yaji?"

Yaron ya kawo wata 'yar kwalba ta ƙasar waje, ruwa-ruwa, tsami ya fi zafi yawa. Kawu ya ɗanɗana, ya sa hannu a aljihun 'yar cikinsa ya fito da ƙullin yajin da ba ya tafiya sai da shi, ya barbaɗa, ya miƙo mani. Wallahi sai a lokacin abincin ya san an zo cinsa.

Abin da ya fi ci mani rai sai daga baya na gano shi, da na zauna na yi karatu a kan abincin mutanen nan. Ashe masarar da muke tuwo da ita a kudancin Meziko aka fara nomanta, kimanin shekara 9,000 da suka wuce. Barkono da tumatir ma daga waccan nahiya suka bazu duniya bayan 1492. Su kuma masarar ba haka kawai suke niƙa ta ba, sai sun dafa ta da ruwan farar ƙasa, kwatankwacin yadda iyayenmu mata ke sa kanwa ko ruwan toka a girki, sannan su markaɗa su gasa 'yar gurasarsu da zafinta, a ci da wake da dakakken barkono. Abincin manoma ne, har UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2010. Shi kuwa nacos ɗan bakin iyaka ne, a garin Piedras Negras da ke daura da Amurka aka ƙirƙiro shi wajen shekarun 1940. Wato dai tuwon masarar da matar Kawu ke tuƙawa, da miyar ɗanyen kifi da ta ji attaruhu, sun fi kusa da Meziko nesa ba kusa ba a kan abin da na biya kuɗi muka ci. Kuma ka ji fa, kasuwar 'Yankaba tana nan kan titin Haɗeja, ba nisa da gidan abincin, tattasai da tumatir sun yi tsibi, amma an bar su an kama gwangwani.

Da aka kawo takardar kuɗi na yi wuf na rufe ta da hannu. N18,000, kuɗin da ya fi ƙarfin buhun masara a lokacin. Ashe idon da aka sa wa magani da safe ya soma aiki. Bai tanka ba sai da muka shiga mota muka yi nisa, ya ce, "Ɗan nan, na gode, Allah ya yi albarka. Amma tsaya wajen mai shayin can, kada in kwana da yunwa."

Bayan mako biyu wani direban motar Haɗeja ya kira ni in zo tasha in karɓi saƙo. Kwali ne cike da bandar tarwaɗa, da rabin buhun barkono. Direban ya ce, "Baba ya ce in gaya maka, wai ka ɗibi naka, sauran ka kai wa mutanen Meziko."