Maganin da munka zubar a jibji

Kullum a radiyo muna hwaɗa ma masu ciki: kar ku sha ƙwaya sai ungozomar likita ta rubuta. To, jiya mu kanmu munka share ɗaki, ragowar magani duk munka watsa a jibji. Damana na sauka, ruwa zai kwashe shi zuwa tabkin Babaye. A ƙauyukan Adar kuwa, har da na bisashe, ga rijiyoyi bakin tabki.

A 2022 masanan jami'ar York ta Ingila sun auna koguna 258, sunka iske ragowar magani kusan ko'ina. Jabel na kashe ƙwayoyin cuta, ba ya cire maganin duka. Kaɗan ne, i, amma ƙanwarmu wata tara za ta yi tana sha, wani kuma ta cibiya yake kai ga ɗan.