Keken ɗalibi da ragon uwarsa

A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa: faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 ya koma 100. Kayan waje suka yi tsada, har da keke. A shekarar nan wani ɗalibi ɗan Tasawa ya shiga Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai. Masaukinsa yana Bukoki, jami'a kuwa tana Harobanda, ƙetaren kogi. Kullum sai ya ratsa gadar Kennedy da ƙafa, ya iske an fara darasi.

Uwarsa ta sai da ragonta ɗaya tilo, ta aiko da kuɗin. A kasuwar Katako ya ga kekuna biyu na hannu: ɗaya ya sha sabon fenti, ɗayan ya koɗe. Wani tsoho mai gyara ya ce masa: «Ɗana, fenti ba ya hawan gada. Duba jikin ƙarfen, duba sarƙa, matsa birki.» Da ya duba, ashe karaya ce aka yi wa walda aka rufe da fenti.

Ya ɗauki koɗaɗɗen, abokansa na dariya. Shekara huɗu keken ya kai shi aji, bai ci masa komi ba sai faci da mai. Da mai fentin ya saya, da ragon ya tafi a banza.