Yaron Okene Da Ya Ce A'a

Mu a nan, ƙanƙara aba ce da ake saye a leda, a fasa a zuba cikin lemu ko zoɓo lokacin buɗa-baki. Ba mu san ta a matsayin filin da mutum zai tsaya a kai ba, balle ya yi gudu. Shi ya sa idan aka ce akwai wasan da ake yi a kanta, har mutane na cin abinci da shi, sai mu ɗauke shi sha'anin Turawa mu wuce. To amma cikin waɗanda suka taɓa buga wasan hokin ƙanƙara a babbar gasarsa ta duniya, wato NHL ta Kanada da Amurka, akwai haifaffen Zariya, Rumun Ndur, akwai kuma haifaffen Okene, Akim Aliu. Labarin na biyun nake so in kawo wa mai karatu, domin tun da na san shi ya ƙi fita daga raina.

Bari in fara da wasan, saboda wanda bai taɓa gani ba. Kowane ɓangare na da mutum shida a fili: mai tsaron gida ɗaya, masu tsaron baya biyu, ƴan gaba uku. Takalminsu yana da ƙarfe mai kaifi a ƙasa kamar bakin wuƙa, da shi suke sulɓi. A hannunsu akwai sanda mai lanƙwasa, suna kora wani ɗan faifan baƙar roba zuwa ragar abokan hamayya. Ana yin zango uku, kowane minti 20, kuma saboda tsananin gudu ɗan wasa ba ya cika minti guda sai an canza shi. Doka ta yarda ka banki mai riƙe da faifan da kafaɗa har ya haɗu da katangar fili. Wasa ne na masu ƙarfin jiki, kuma Akim ɗan gaba ne, dogo, ƙaƙƙarfa, irin wanda masu horarwa ke nema da fitila.

An haife shi ranar 24 ga Afrilu 1989 a Okene, garin da yau yake cikin jihar Kogi. Mahaifinsa ɗan Najeriya ne da ya je karatu birnin Kiyef zamanin Tarayyar Sobiyet, ya auri ƴar Yukiren. A Kiyef Akim ya tashi, da Rashanci ya buɗe baki. Yana da shekara bakwai iyalin suka koma Toronto a Kanada, bai iya Turanci ba, iyayen kuma duk da iliminsu sai da suka riƙa ƙananan ayyuka don a ci a sha. Yaran Kanada tun suna tatata ake ɗora su a kan ƙanƙara. Shi ya makara ƙwarai, kuma da takalmin gwanjo ya fara. Cikin ƴan shekaru sai ga shi ya kamo su ya wuce da yawansu. A 2005, yana ɗan shekara 16, ƙungiyar Windsor Spitfires ta zaɓe shi a zagayen farko na ɗaukar sabbin ƴan wasa na gasar matasa ta lardin Ontario, wadda ake kira OHL.

Sai an fahimci wannan mataki kafin a fahimci abin da ya biyo baya. A Kanada akwai manyan gasannin matasa uku, na yamma, na Ontario, da na Kebek da gabas, kuma daga cikinsu ne ƙungiyoyin ƙwararru ke ɗebo kaso mai yawa na ƴan wasansu. Yaro mai shekara 16 zai bar gidansu ya tafi garin da ƙungiyar da ta zaɓe shi take, a ajiye shi wajen wasu iyali su riƙe shi, ya riƙa tafiyar sa'o'i a motar ƙungiya daga gari zuwa gari tare da samari masu shekara 19 da 20. Makomarsa na hannun mai horarwa, shi ke cewa wa zai shiga fili, shi kuma masu farautar ƴan wasa ke tambaya halin kowane yaro. Duk wanda ya taɓa kai ɗansa almajiranci ko koyon sana'a wani gari ya san irin wannan amana, ya kuma san yadda yaro ke zama ba shi da kowa sai wanda aka damƙa shi gare shi.

A farkon kakar 2005, a hanyar dawowa daga wani wasa, manyan ƴan ƙungiyar suka umarci sabbin shiga su tuɓe tsirara su cunkushe cikin ɗan ƙaramin ban-ɗakin motar. Tsohuwar al'ada ce a wasan, manyan ma an yi musu. Akim ya ƙi. Ba a jima ba, ana cikin atisaye, wani babban ɗan wasan ƙungiyar ya doke shi da sanda a baki, haƙoransa da dama suka zube. Ya fita, ya dawo fili, suka dambace, kyamara kuma ta ɗauka, hoton ya zagaye Kanada. Hukumar gasar ta yi bincike, ta dakatar da mai horarwar wasa 40, ta ci ƙungiyar tarar dalar Kanada 35,000. Wanda ya yi dukan an dakatar da shi wasa biyar, Akim wasa ɗaya. Daga baya aka mayar da Akim ƙungiyar Sudbury Wolves.

A takarda an yi hukunci, magana ta ƙare. Amma tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A idon mutanen wasan, yaron nan shi ne ya tona asirin gida, ya jawo wa manya abin kunya, don haka sai aka laƙaba masa sunan mai wuyar sha'ani. Irin wannan suna ba a rubuta shi a ko'ina balle ka je ka goge. A waya ake faɗinsa, tsakanin mai horarwa da mai horarwa, kuma yana riga mutum isa duk inda za shi. Da aka zo zaɓen NHL na 2007, ƙungiyar Chicago Blackhawks ta ɗauke shi a zagaye na biyu, shi ne na 56. Shi da kansa ya sha faɗin cewa tabon Windsor ne ya hana a ɗauke shi da wuri. A wannan zaɓen dai ƙungiyar ta ɗauki Patrick Kane a matsayin na ɗaya, wanda ya ci kofin Stanley da ita har sau uku, a 2010 da 2013 da 2015.

Zaɓe kuwa ba shi ne shiga ba. Ƙarƙashin NHL akwai gasar AHL, ƙarƙashinta akwai ECHL, kuma yawancin waɗanda aka zaɓa a nan suke fara zaman jira. A kakar 2009 zuwa 2010 Akim na ƙungiyar Rockford IceHogs, inda Shikago ke renon matasanta. Ya ce wata rana mai horarwarsu, Bill Peters, ya shigo ɗakin sauya kaya, ya ji kiɗan da ya sa, ya yi ta maimaita kalmar nan ta cin mutuncin baƙar fata a gaban kowa. Ya ce bai yi shiru ba, ya mayar masa da martani, kuma ba a daɗe ba aka tura shi ƙasa zuwa ECHL. Yana ɗan shekara 20, a kakarsa ta farko ta ƙwararru, suna na biyu ya hau kan na farko.

Daga nan sai yawo. A Yunin 2010 aka musanya shi zuwa Atlanta, ƙungiyar ta tashi ta koma Winnipeg a 2011, a farkon 2012 aka sake musanya shi zuwa Calgary Flames. A watan Afrilun 2012, kaka na gab da ƙarewa, aka kira shi babbar ƙungiya. Kyaftin ɗinta a lokacin shi ne Jarome Iginla, wanda shi ma mahaifinsa ɗan Najeriya ne, mutumin da ya yi ritaya da ci 625. A wasansa na farko Akim ya ba da faifan da aka ci, a na biyu ya ci biyu da kansa a ragar Anaheim. Kakar da ta biyo ya buga biyar. Shi ke nan. Wasa bakwai, ci biyu. Sauran shekarunsa ya yi su ne a ƙananan gasanni da ƙasashen waje, har Suwidin da Rasha.

Ba zan ce da ba a yi masa haka ba da ya zama tauraro ba. Da yawa daga waɗanda ake zaɓa a zagaye na biyu ba sa zama daram a NHL, ko da kowa na son su. Abin da ke damuna shi ne ba a bar gwanintarsa ita kaɗai ta yanke masa hukunci ba. An auna shi da wata tambaya dabam: idan aka wulaƙanta shi, zai haɗiye?

Wannan tambaya na san ta, domin na yi makarantar kwana. A shekararmu ta farko manyan ɗalibai ke aikenmu, mu wanke musu tufafi, mu ɗebo musu ruwa, kuma wannan ba mu ɗauke shi komai ba, a gida ma ƙarami ke yi wa babba. Amma akwai daren da suke tara sabbin shiga bayan an kashe fitila, a sa mu rarrafe kan tsakuwa, a sa wani ya yi kukan jaki, su suna dariya. Akwai wani ɗan ajinmu, siriri, mai ƙoƙarin lissafi, da ya miƙe ya ce shi ba zai yi ba. Sun doke shi, ya kai ƙara, an hukunta biyu daga cikinsu. Daga ranar ya zama saniyar ware. Manya ba sa yi masa magana, tsararrakinsa na tsoron a gan su tare, har wasu malamai suka riƙa kiransa mai taurin kai. Kafin shekara ta ƙare mahaifinsa ya zo ya ɗauke shi. Waɗanda suka rarrafa kuwa, da shekara ta zagayo, wasunsu su ne suka fi kowa zafi a kan sabbin shiga. Abin da ke riƙe da irin wannan al'ada ke nan: wanda ya sha ta yana jin an ci shi bashi, sai ya karɓa daga na bayansa. Mai ƙi kuwa yana tuna wa kowa cewa ashe ana iya ƙi, kuma wannan ne ba a yafe masa.

Akim ya riƙe maganar Rockford shekara goma. Ranar 25 ga Nuwamba 2019, ana tsaka da cece-kuce kan yadda wasu masu horarwa ke gallaza wa ƴan wasa, ya rubuta ta a Twitter. A lokacin Peters ne ke horar da Calgary Flames. Tsoffin abokan wasansa biyu suka fito suka ce a gabansu aka yi. Peters ya rubuta takarda ya amsa cewa ya furta kalmar da ba ta dace ba, ranar 29 ga wata ya ajiye aiki. A watan Mayun 2020 Akim ya wallafa dogon bayani kan abin da ya gani tun yana yaro, a watan Yuni kuma shi da Evander Kane da wasu ƴan wasa suka kafa ƙungiyar Hockey Diversity Alliance don yaƙi da wariyar launin fata a wasan. A wannan watan dai wasu tsoffin ƴan wasa, ciki har da Daniel Carcillo, suka shigar da ƙara kotu kan azabtar da sabbin shiga a gasannin matasa na Kanada. Abin da yaro ɗan shekara 16 ya ƙi shi kaɗai a cikin mota, sai da aka yi shekara 15 kafin manya su taru su kira shi da sunansa. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, gaskiya ne, sai dai ɗan wasa ba shi da shekara 15 na jira. Lokacin da aka yarda da shi, ƙuruciyar da ake wasa da ita ta riga ta wuce.

Na kawo duk wannan ne saboda ɗan ƙanwata, mai shekara 15, ya samu gurbi a wata makarantar koyon ƙwallon ƙafa a wata ƙasa, kuma da aka zo sallama kowa nasiha ɗaya ya yi masa: ka yi haƙuri, ka bi na gaba, duk abin da ka gani ka kau da kai. Nasiha ce mai kyau, da ita aka rene mu, kuma haƙuri maganin zaman duniya ne. Amma na lura muna ba yara ita a dunƙule, ba ma rarrabe musu. Haƙuri da yunwa da sanyi da kewar gida da zaman benci daban, haƙuri da a tuɓe ka a yi maka dariya daban. Na farko yana gina mutum. Na biyu, azzalumi kawai yake yi wa amfani, kuma idan ba mu faɗa wa yaro bambancin ba, zai ɗauka cewa duk abu ɗaya ne, ya zaci idan ya yi magana ya ba iyayensa kunya.

Da ya zo wajena, ya durƙusa ya ce, “Kawu, ni ma a yi mini addu'a.” Na yi masa. Sannan na ce masa ya ɗauki jakar na gaba da shi, ya share ɗaki, ya gaida kowa, kada ya raina aiki. Amma ranar da wani ya nemi ya taɓa mutuncinsa ko jikinsa da sunan al'adar wuri, ya ƙi, ya kira ni ko da tsakar dare ne, kuma ba zan fara da tambayarsa me ya yi musu ba. Ban ɓoye masa cewa ƙin yana da tsada ba, na ba shi labarin Akim tun daga Windsor har wasanninsa bakwai. Ya yi shiru, can ya ce, “To Kawu, idan suka kore ni fa?” Na ce masa kuɗin motar dawowa na wuyana, kuma ɗakinsa na nan ba a ba kowa ba.