Malumfashi: Abin da Ke Ɓoye Cikin Ƙwayar Yuriya

Hanyar da ta tashi daga Funtuwa ta ratsa Bakori zuwa Malumfashi kore ce shar a watan Yuli: masara, dawa, auduga da waken suya hagu da dama. Da muka biyo ta, kusan duk babur da ya wuce mu yana ɗauke da buhun taki. Lokacin zuba yuriya ne, kuma a garin Galadiman Katsina babu hirar da ta kai ta farashinta zafi.

A wani shagon taki muka ɗebi 'yan ƙwayoyi a tafin hannu. Farare ne kamar gishiri, amma gininsu daban. Yuriya tarin molekul ce, kowane da ƙwayoyin zarra takwas, kuma kashi 46 cikin ɗari na nauyinta naitirojin ne, abincin masara. Molekul ɗin na jere sahu-sahu, riƙe da juna sako-sako, kullum cikin karkarwar da ido ba ya gani.

Ta yaya ake auna wannan karkarwa? Da eksire, hasken da Röntgen ya gano a Jamus a 1895, wanda muka sani a asibiti wajen hoton karaya. In aka harba shi kan ƙwaya irin wannan, sai ya tunkuɗe elektiron daga mazauninsa, molekul ya girgiza. Hasken da ya dawo kuwa ƙarfinsa ya ragu gwargwadon girgizar. Daga wannan giɓi masana ke gane yadda motsin zarra ke jan elektiron, abin da ke shafar tafiyar lantarki a allon OLED na wasu wayoyinmu.

Nan kusa, cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello Zariya na amfani da eksire wajen tantance sinadaran ƙasa. Amma auna girgizar sai da sinkurotiron, wani makeken zobe mai fitar da eksire mai ƙarfi. Na Grenoble a Faransa kewayensa mita 844 ne. An buɗe SESAME a Jodan a 2017. Afirka ba ta da ko ɗaya, ko da yake tun 2015 masana ke taruwa kan gina shi.

Ƙannenmu na sakandaren Malumfashi da Funtuwa masu gudun darasin fiziks, ranar da aka gina shi za a nemi masu zama gaban na'urar. Ɗan manomi ma yana da kujera a wurin, in ya fara shiri tun daga aji.