Gizon Da Ba Ya Barin Gidansa

Wata rana da rani, wani dattijo manomi mazaunin Jimeta yana sassabe a gonarsa kusa da tafkin Geriyo, sai bakin fartanyarsa ya taɓa wani ɗan faifai na ƙasa wanda faɗinsa bai wuce na kwabo ba. Da ya sunkuya sai ya ga murfin rami ne, an shafe cikinsa da yana. Ya sa tsinke zai ɗaga, ya ji ana ja daga ciki. Ashe gizo-gizo ne ya riƙe ƙofar gidansa.

Da maraice ya ba ɗansa labari, wanda ke karatun ilmin halittu a Jami'ar Modibbo Adama ta Yola. Yaron ya ce, "Baba, ai wannan ba ya saƙa a rufin ɗaki. Da dare yakan ɗaga murfin kaɗan, ya yi kwanto, ƙwaro na giftawa ya cafke."

Ya ƙara da cewa macen takan ƙare rayuwarta a rami guda, 'ya'yanta kuwa kusa da ita suke haƙa nasu. Saboda rashin tafiyan nan ne danginsa da ake kira Ryuthela, na tsibiran Ryukyu a ƙasar Japan, suka rarrabu, har tsibirai da dama kowanne da nasa iri. Watau in aka ɓata ƙasar tsibiri guda, irin ya ƙare ke nan a duniya. A Yammacin Ostireliya kuma, wata masaniya, Barbara York Main, ta fara lura da wata gizo a 1974. Gizon ba ta bar raminta ba sai da zanzaro ya kashe ta a 2016, tana da shekara 43.

Dattijo ya yi shiru. Ya tuna ambaliyar 2012, lokacin da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, kogin Binuwai ya cinye masa gidan da ya gada, ya kwana da iyalinsa a makarantar firamare. Shi dai ya sami ƙafar gudu. Wannan ɗan taliki kuwa, in wutar sassabe ta zo, ina za shi?

Washegari ya kewaye wurin da duwatsu, ya hana a kunna wuta ko a sa garma a nan. Maƙwabta suka yi ta dariya, wai ya ba Gizo gona, saura ta Ƙoƙi. Ya ce da su, "Ku yi dariyarku. Wanda ya taɓa rasa gida ba ya rushe na wani."